Na'urata Ta Ƙi Natsuwa, An Ce In Ɗauki Sakamakon Da Ya Yi Kyau Kawai

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a wata jami'a a Jamus, ina shekara ta uku a digiri na uku, fannin injiniyancin haske. Aikina auna motsin wani ɗan siririn faifai ne, motsin bai wuce nanomita 20 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Ina amfani da jar leza ta hiliyam da niyon da intafiromita irin ta Michelson, wato na'urar da ke raba haske ya bi hannu biyu, madubai su dawo da shi ya haɗu ya ba da ratsin haske da duhu, na kafa ta a kan farantin alminiyam bisa teburin gwaji. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kamar santimita 10 saboda wurin da samfurin yake zama. Matsalata ratsin hasken ba ya tsayawa wuri ɗaya, cikin awa guda sai ya yi ta tafiya. Na koma aikin dare ni kaɗai. A dare 20 da na yi awo, 3 ne kawai suka ba ni abin da muke tsammani. Fosdok ɗin da nake ƙarƙashinsa, wato mai binciken da ya riga ya gama digiri na uku, ya ce in rubuta maƙala da ukun nan, wai kowa haka yake yi. Zuciyata ba ta kwanta ba. Farfesa kuwa rabona da zama da shi wata 4 ke nan, ina jin nauyin in je masa hannu rabbana. Saura wata 9 tallafina ya ƙare. Maigidana yana gida Najeriya, yaranmu biyu suna wajen mahaifiyarsa, kullum tambayarsa yaushe zan gama, har mun fara samun saɓani. Wani lokaci sai in ga kamar dama ban cancanci wurin nan ba. In bi maganar fosdok in huta, ko in tattara in koma gida?

Wata ɗaliba, Jamus

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da fama. Wasiƙarki ta zo da alƙaluma, kuma su ne za su fara wanke ki daga zargin da kike yi wa kanki. Ɗauko biro mu yi lissafin tare.

Tsawon zangon hasken jar lezarki, wato tsawon kowace igiyarsa, nanomita 633 ne. A na'urar Michelson haske zuwa yake yi ya dawo, don haka da zarar madubi ya gusa da rabin wannan, wato nanomita 316, ratsi ɗaya cur ya wuce. Shi kuma alminiyam, duk mita ɗaya nasa yana miƙewa da maikromita 23 (maikromita ɗaya nanomita 1,000 ce) idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya a ma'aunin Salsiyas. Da hannayen biyu tsawonsu ɗaya ne, da tare za su miƙe, miƙewar wannan ta soke ta wancan. Naki ɗaya ya ɗara ɗaya da santimita 10, wannan rarar kuwa ba ta da abin da zai soke ta. Digiri ɗaya zai ba ki maikromita 2.3, ratsi 7 da 'yan kai. Yanzu ki raba da ɗari: zafin farantin ya motsa da kashi ɗaya cikin ɗari na digiri, kin samu nanomita 23, ya riga ya haɗiye 20 ɗin da kike nema. Zamanki kusa da teburin kaɗai ya isa ya jawo haka, domin jikin mutum yana fitar da zafi kimanin wat 100 ko yana zaune shiru. Ko farfesan naki aka ba wannan shimfiɗa a wannan ɗaki, abin da kika gani shi zai gani.

Mai na'urar ma da kansa a ƙasar da kike zaune ya fara shan wannan wahala. A 1881 Michelson ya kafa ta farko a Berlin, girgizar titi ta hana shi ganin ratsin da rana, ya koma dare kamar yadda kika yi, nan ma sai jefi-jefi. Ya kwashe kayan zuwa Potsdam ya shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya tarar ko taka ƙasa aka yi da ƙarfi daga nisan wajen mita 100 sai ratsin ya ɓace. Sai a 1887, shi da abokin aikinsa Morley a Cleveland ta Amurka, suka ɗora komai kan ƙaton dutse, dutsen kuma yana yawo a kan ruwan zaiba. Na'urar tana jin komai, shi ne amfaninta, shi ne kuma fitinarta.

Farantin ne babban wanda muke tuhuma, amma yana da abokan laifi. Iska tana canza yadda take rage saurin haske da kusan kashi ɗaya cikin miliyan a kowane digiri, da kuma kimanin 0.27 cikin miliyan a kowane hektofaskal na matsinta. A tazarar santimita 20 ta zuwa da dawowa, digiri ɗaya kusan sulusin ratsi ne. Ranar da yanayi ya juya matsin iska ya faɗi da hektofaskal 10, kin yi asarar kusan ratsi guda ba tare da kin taɓa komai ba. Wadda ta fi ɓarna ita ce iska mai motsi: na'urar sanyaya ɗaki ta huro, ɗan ɗumi ya ratsa hannu ɗaya bai ratsa ɗaya ba, sai ki ga ratsin yana rawa cikin daƙiƙoƙi. Sai lezar kanta. Idan ba mai daidaitaccen mita ba ce (mita a nan yawan kaɗawar hasken ne a daƙiƙa, ana auna ta da haz), bututunta yana miƙewa yayin da yake ɗaukar zafi, mitar hasken ta riƙa zamewa da ɗaruruwan megahaz. Zamewar megahaz 500 a kan tazararki wani sulusin ratsin ne. Duba takardar da ta zo da ita ki tabbatar wace iri ce. Ga kuma halin Michelson da ake yawan mantawa: ƙofofin fitarta biyu ne, ɗaya tana kallon fotodayod mai auna ƙarfin haske, ɗaya tana kallon bakin lezar. Hasken da ya koma ciki yana hargitsa mita da ƙarfi duka biyu, hargitsin kuma yana bin motsin madubinki, shi ya sa yakan yi kama da sigina ta gaske.

Duk da haka kada ki kwance ko noti ɗaya tukuna. Wanda ya gyara abu biyar a rana ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ne ya yi aiki ba, kuma kina buƙatar shaidar halin da na'urar take ciki yanzu. Ki kashe abin da ke motsa faifan, ko ki sa madubi tsayayye a wurinsa. Ki manna ma'aunin zafi mai iya ganin 0.01 na digiri a wurare huɗu: kan farantin kusa da kowane hannu, cikin iska a saman hanyar hasken, da jikin lezar. Ƙananan ma'aunan zafi na lantarki da ake kira tamista da ɗan allon lantarki sun isa, ba sai kaya masu tsada ba. Ki ƙara ma'aunin matsin iska. Ki sa ɗan gilashi tsirara a karkace kafin mai raba hasken, zai ɗebo kusan kashi 4 cikin ɗari a kowace fuska, ki kai wa fotodayod na biyu don ki riƙa ganin ƙarfin lezar daban. Kwamfuta ta riƙa ɗaukar duka sau ɗaya a daƙiƙa, daga yammacin Alhamis zuwa safiyar Litinin, don ki kama ranar aiki da ranar hutu. Ki rufe ƙofa ki tafi gida ki yi barci.

Litinin ki zana su duka a kan layin lokaci ɗaya. Idan ratsin yana hawa da sauka bi da bi kamar numfashi, na'urar sanyaya ɗaki ce take kunnawa tana kashewa. Idan gangara ce doguwa mai bin zafin farantin, ki lissafa nanomita nawa a kowane digiri, ki gwada da 2,300 ɗin da muka samu. Idan tsalle ne kwatsam tare da tsalle a fotodayod na biyu, lezar ce. Ki kuma ɗauki minti ɗaya da sauri, awo dubu da yawa a daƙiƙa, ki fitar da mitocin da ke ciki: tsini a haz 50 daga wutar lantarki ne, a 100 galibi fitilun ɗaki ne, na ƙasa da haka sau da yawa girgizar gini ce ko famfo.

Sannan gyara, ɗaya bayan ɗaya, kina maimaita awon dare guda bayan kowanne. Na farko kuma mafi riba, daidaita tsawon hannayen. Ki ja madubin ɗaya hannun baya da santimita 10, ki auna da rula daga tsakiyar mai raba haske. In kin kawo bambancin zuwa milimita 1, kin rage laifin faranti da matsin iska da mitar leza sau ɗari a tashi ɗaya. In kina son fiye da haka, ɗora madubin a kan dandamali mai notin awo da ke gusa shi kaɗan-kaɗan, ki musanya lezar da fitilar LED, ki riƙa murzawa a hankali. Ratsi ba zai fito ba sai hannayen sun yi daidai cikin 'yan maikromita, aikin haƙuri ne, yana iya cin yini. Abin da daidaitawa ba ta magancewa shi ne gefe ɗaya na farantin ya fi ɗaya zafi, nan akwati yake shigowa. Ki rufe na'urar gaba ɗaya. Don gwaji ko kwalin kaya da soso ya isa, in ya yi aiki sai a yi mai kyau. Lezar ta zauna a waje, haskenta ya shiga ta ƙaramin rami, domin ita murhu ce. Ki daina kashe ta, ki tare hasken da murfi idan ba kya aiki. Ki sa na'urar hana haske komawa, wadda ake kira da sunan Faraday, tsakanin leza da mai raba haske. In babu ita a lab, ɗan karkata madubai yadda hasken da ya dawo zai sauka gefen bakin lezar zai rage matsalar kafin a sayo.

In da hali ki sauko daga alminiyam ki ɗaure kayan kai tsaye a kan teburin, wanda fuskarsa ta ƙarfe miƙewarta ba ta kai rabin ta alminiyam ba. In dole sai da faranti, ki je wajen makanikan sashenku da zane mai awo ki tambayi haɗin ƙarfen da ake kira Invar, wanda miƙewarsa ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin ashirin na alminiyam ba. Mutanen nan sun ga ɗalibai irinki da yawa sun zo sun wuce, gaisuwa da zane mai tsafta suna buɗe bakinsu. Ki gajarta sandunan da ke riƙe madubai, dogon sanda lilo yake yi. Madubi mai sifirin yana ci gaba da zamewa sa'o'i bayan an murɗa shi, ga ɗumin yatsunki da kika bari a jikin notin, don haka saiti yau, awo gobe. Ki danna kusurwar teburin da tafin hannu: in yana kan iska zai nutse ya dawo a hankali, in ya tsaya ƙiƙam to ya zauna a kan ƙafafunsa, a duba matsin iskar. Ki bi kowace waya da kowane tiyo da ya taso daga ƙasa ko bango ya hau teburin, duk wanda ya miƙe tsaf gada ce ta girgiza.

Akwai kuma yadda ake awon. Fotodayod ɗaya a ƙololuwar haske ko tsakiyar duhu makaho ne, ƙaramin motsi ba ya canza masa komai. A tsakiyar gangaren ratsi yake ji sosai. Ki manna madubin ɗaya hannun a kan fiyezo, ɗan abin da ke miƙewa kaɗan idan an ba shi lantarki, ki sa da'ira mai jinkiri ta riƙe na'urar a wannan tsakiya. In faifanki yana iya motsi da sauri, ki kaɗa shi a 'yan ɗaruruwan haz, ki kauce wa 50 da ninkinta, ki karanta da amfilifaya mai kulle mita, wadda ba ta jin komai sai mitar da kike kaɗawar. Zamewar zafi a hankali take tafiya, ba za ta bi ki can ba. In ba ya iya sauri, ki riƙa kunnawa da kashewa duk daƙiƙa 10, kina cire wannan daga wancan. Lissafin Allan, mai auna natsuwar awo bisa tsawon lokaci, a kan bayanan ƙarshen makon nan zai nuna miki daƙiƙa nawa za ki iya tara awo kafin zamewa ta fara cin ribar.

Yanzu maganar dare uku. Zuciyarki ta faɗa miki gaskiya, kada ki rubuta maƙalar a haka. Ba a hana jefar da awo ba, kowane lab yana yi. Sharaɗin shi ne dalilin jefarwar ya zama abin da aka auna daban, aka rubuta shi kafin a ga sakamako, aka kuma faɗe shi a maƙalar. Misali: duk daren da zafin faranti ya zame fiye da kaza a awa, ba a ƙirga shi, ko ya ba da abin da ake so ko bai ba da ba. Abin da aka ce ki yi kishiyar wannan ne, sakamakon ne yake zaɓen daren. Tun da ba ki ɗauki zafi a waɗancan darare ba, ba ki da ma'aunin da za ki raba 3 da 17. Abin da ya fi damunmu ma shi ne na'urar da ke yawo da ɗaruruwan nanomita za ta faɗo kan 20 lokaci-lokaci don sa'a kawai. Mai yiwuwa ukun nan su ne darare masu natsuwa. Mai yiwuwa kuma su ne hayaniyar ta yi kama da abin da kuke fata. Duba littafin lab ki ga ko sun faɗo a ƙarshen mako ko daren da aka rage iskar ginin, wannan alama ce, amma ba hujja ba ce. Hujja ita ce bayan gyara ki sa wani ɗalibi ya riƙa kunna faifan ko ya bar shi a kashe ba tare da kin sani ba, ya rubuta a takarda ya ɓoye, ke kuma ki faɗa daga bayananki. In kin ci 10 cikin 10, kina da abin da za ki tsaya a kansa gaban kowa.

Ki kuma san ƙasar da kike. Ƙa'idojin hukumar tallafa wa bincike ta Jamus, DFG, sun tanadi a ajiye ainihin bayanan awo, galibi shekara 10, don haka darare 17 ɗin nan suna nan a faifan lab, duk wanda ya gaji na'urarki zai gan su. Jan Hendrik Schön masanin fiziks ne da aka bankaɗo ƙirƙirar bayanansa a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka a 2002, kuma a 2004 jami'ar Konstanz ta ƙwace digirinsa na uku. Laifinsa ya fi abin da ake nema ki yi nesa ba kusa ba, amma ya nuna cewa a Jamus digiri abu ne da ake iya karɓewa bayan shekaru. Sunanki ne zai zo farko a maƙalar, ke za a tambaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a fiziks kuwa ya fi ƙurewa, domin wani zai kafa irin na'urar ya gwada.

Kada ki ɗauki fosdok ɗin a matsayin maƙiyi tun yanzu. Yawancinsu kwantiragin shekara biyu ko uku suke kai, maƙala ce abincinsu, agogonsa yana gudu kamar naki. Yana yiwuwa ma abin da yake nufi shi ne a ware darare marasa kyau bisa dalili, ya faɗa a gaggauce. Ki je masa da zanen zafi da ratsi, ki ce ga abin da na gano, ina so in gyara in sake awo cikin mako 6, maƙalar za ta fi ƙarfi. Kin ba shi hanyar sauka ba tare da kunya ba, kuma mai hankali zai karɓa. In ya nace, ki rubuta masa imel cikin ladabi ki tambayi wane ma'auni za a rubuta a maƙalar na ware 17 ɗin. Abin da mutum yake faɗa a baki a barandar lab ba kasafai yake yarda ya sa a rubuce ba. In har matsin ya ci gaba, kowace jami'a a can tana da jami'in sauraron ƙorafi kan ɗa'ar bincike, ana zuwa wajensa a asirce don neman shawara kawai, ba sai an kai ƙarar kowa ba. Wannan matakin ƙarshe ne, bayan farfesa.

Farfesan kuwa, wata 4 ya yi yawa, kuma laifin na ku biyu ne. Shi ya kamata ya neme ki. Amma mai riƙe da ɗalibai da dama, yana koyarwa, yana neman kuɗin bincike, ɗalibin da ya yi shiru a wajensa lafiya yake. Mu an tarbiyyantar da mu kan jin nauyin malami, ba a zuwa masa sai da abin kirki a hannu. A can shirun nan ba a karanta shi a matsayin ladabi. Kuma ba hannu rabbana za ki je ba: zane guda mai nuna ratsi yana bin zafi da nanomita kaza a digiri sakamako ne. Ki aika imel gajere ki nemi minti 30, ki haɗa da shafi ɗaya. In yana da sakatariya, ta wajenta ake samun lokaci. A zaman ki faɗi adadin yadda yake, 3 cikin 20, ba tare da kin ambaci wanda ya ce me ba, ki nuna tsarin gyaranki, ki nemi kuɗin abin da za a saya. Sannan ki yi tambayar da ɗalibai suke tsoro: mene ne mafi ƙarancin abin da zai isa kundi? Ki riga ki karanta dokar digiri ta tsangayarku kafin ki shiga, ki san ko dole sai da maƙalu da aka buga ko kundi guda ya wadatar. Bayan zaman ki aika masa abin da kuka tsayar a layi biyar, ki nemi a sa ranar haɗuwa duk wata. In kun sa hannu a yarjejeniyar kulawa lokacin da kika fara, ki duba ta, galibi ta ambaci hakan.

Ki fara rubuta babin hayaniya da zamewa tun makon nan. Ko da a ƙarshe motsin nanomita 20 bai bayyana ba, na'urar da aka san iyakarta, aka nuna abin da ke takura ta da yadda aka rage shi, aikin injiniya ne cikakke, kuma masu jarrabawa sun fi mutunta shi a kan kyakkyawan zane da ba a iya maimaitawa.

Wata 9 yana iya isa aikin lab da rubutu in kin matsa: wata guda na bincike da gyara, 3 ko 4 na awo, sauran na rubutu. Amma bayan miƙa kundi akwai jiran rahoton masu dubawa da ranar kare shi, wannan kan ci wasu watanni, kuma ba a hannunki yake ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A wannan watan ki rubuta wa masu ba ki tallafi ki tambayi sharaɗin ƙari, ki je ofishin ɗaliban ƙasashen waje ki tambayi tallafin kammalawa na 'yan watanni da jami'o'i da yawa suke da shi, ki tambayi farfesa ko akwai ɗan kwantiragi a wani aikinsa. Izinin zamanki yana rataye da shaidar kuɗi, kuma samun ranar ganawa a ofishin baƙi yana ɗaukar lokaci.

Maigidanki ba ya adawa da karatunki, in da yana yi da ba ki kai shekara ta uku ba. Mutum ne da aka ce masa an kusa, aka sake ce masa an kusa, har kalmar ta daina nufin komai, ga mahaifiyarsa tana ɗawainiya da jikoki, ga 'yan'uwa suna tambayarsa abin da ba shi da amsarsa. Ba bayanin ratsi yake buƙata ba, wata yake buƙata da zai iya faɗa wa mutane. Bayan kin zauna da farfesa ki kira shi a natse, ba a ƙarshen dare kina gajiye ba, ki ce aikin lab zai ƙare wata kaza, miƙa kundi wata kaza, in an samu tsaiko wata kaza. Ki ba shi na nesan, gara ki zo da wuri da ki sake ɗagawa. Ki gaya masa an nuna miki gajeriyar hanya kin ƙi, da dalilinki, domin yana da haƙƙin sanin abin da watannin nan suke saya. Ita kuma Hajiya mahaifiyarsa ki riƙa kiranta da kanki, kiran da ba na yara ba, ki yi godiya, ki yi aike in kin samu mai zuwa. Rabin zafin da ke zuwa miki ta bakin ɗanta daga nan yake tasowa.

Akwai hanya ta tsakiya da ya kamata ku duba tare: ki gama awo a can, ki dawo gida ki yi rubutun, ki koma don kare kundi. Tana buƙatar yardar farfesa da ta masu tallafi, kwafin bayananki a wuri biyu, hanyar shiga laburare daga nesa, da tanadin wuta da intanet. Ki kiyaye cewa izinin zama a Jamus yakan mutu idan mutum ya wuce wata 6 a waje ba tare da an ƙara masa wa'adi ba, don haka ki tambaya kafin ki sayi tikiti. Ki kuma yi wa kanki gaskiya, rubutu a gidan da yara biyu suka yi kewar uwarsu ba zai yi sauri ba sai an ware miki sa'o'i an kuma tsare su.

Komawa gida gaba ɗaya ba abin kunya ba ne, kuma in lafiyarki ko aurenki suka kai gaɓar da sai an zaɓa, ke da maigidanki za ku yanke. Abin da muke roƙo kada ki yanke a wannan hali, da rashin barci, a kan na'urar da ba a taɓa auna zafinta ba. Ki ba kanki mako 6 na gyara da sake awo tukuna. Ki kuma duba yarjejeniyar tallafinki, wasu suna neman a mayar da kuɗi idan ba a kammala ba.

Aikin daren nan ki daina shi. Da akwati da kwamfuta mai ɗauka da kanta, na'urar ta fi natsuwa idan ba kya ɗakin. Lab da yawa ma sun hana aiki da leza mutum shi kaɗai, kuma mai gyangyaɗi shi ne yake sunkuyawa ɗaukar abin da ya faɗi idonsa ya zo daidai da hasken. Lokacin saiti ki cire zobe da awarwaro da agogo, ki soke bakin mayafinki cikin rigar lab don kada ya shafi madubi, ki kula da fil mai ƙyalli. In nauyin zuciyar ya kai ba kya iya ci ko barci ko da kin samu lokaci, akwai masu ba ɗalibai shawara kyauta kuma a asirce, ki je. Ki nemi 'yan'uwa a garin ko da sau ɗaya a mako ku ci abinci tare.

Ki manna ma'aunan zafin ranar Alhamis. In kin samu zanen, ki sake rubuto mana da nanomita nawa kika gani a kowane digiri. Allah ya ba da sa'a, ya haɗa ki da iyalinki lafiya.